Jini ya ƙi tsayawa: tsakanin ɗakin bincike na Turai da gadon asibitin Madawa

Jama'ar Bangi, Madawa, Buza da Keita, da ƴan uwa da ke ci-rani, damina ta kankama, sauro ya dawo. A irin wannan lokaci ne ake kai yaro asibiti da zazzaɓi, a auna jininsa, likita ya ce “falaket” sun yi ƙasa. To mene ne su?

Ƙananan ƙwayoyi ne a cikin jini, aikinsu toshe rauni. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a cikin ɗan mitsitsin ɗigo guda, kuma kowace ba ta wuce kwana 10 a raye. Ɓargo ke ƙera su, amma umarni daga hanta yake zuwa, ta hanyar wani sinadari mai suna turombopoyetin. In sun yi ƙasa sosai, sai haɓo, jini a dasashi, ko jajayen ɗige-ɗige a fata.

A 1994 masana suka gano ainihin wannan sinadari, suka fara haɗa irinsa a ɗakin bincike don su ga yadda yake tada ɓargo. Gwajin farko bai tafi sumul ba. Jikin wasu da aka yi wa allura ya juya yana yaƙar nasa sinadarin, falaket ɗinsu suka ƙara faɗuwa, aka dakatar da gwajin a 1998. Sai a 2008 Amurka ta amince da magunguna biyu masu kwaikwayon aikinsa, romiplostim da eltrombopag.

Wani zai ce to a kawo mana su mana. Kun ga, a nan gizo ke saƙar. An yi su ne don cututtuka masu daɗewa, irin wadda jiki ke cinye falaket ɗinsa da kansa. Suna da tsada, kuma sai an yi kwanaki kafin ɓargo ya amsa. Matar da ke zubar da jini bayan haihuwa ba ta da kwanakin jira.

A wajenmu, abin da ya fi kada falaket shi ne zazzaɓin cizon sauro, kuma yawanci in an yi maganinsa suna komawa daidai. Ba mu manta da 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Cintabaraden cikin jaharmu ta Tawa, ya kashe makiyaya, wasu da zubar jini. Su kansu falaket ɗin da ake ƙara wa majinyaci, ajiyarsu ba ta wuce kamar kwana 5, kuma sai ana girgiza su a na'ura ba tsayawa. Wannan sai da wutar lantarki tsayayya.

Saboda haka abin da ke hannunmu a yau: in zazzaɓi ya zo da haɓo ko baƙin kashi, a garzaya likita, kada a ba da asfirin, don tana hana falaket aiki. Matasa masu ƙarfi su ba da jini tun kafin a buga musu waya da tsakar dare. Ƴan uwa na Legas, Abijan da Libiya, in za ku aiko da kuɗi, ku fara da na mota zuwa Madawa ko Galmi da na awon jini.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.