Digirin Aikin Gona: Ɗan Wa Ya Kamata Ya Yi Shi?

Jama'a, yau filin namu zai ɗan bar bakin kunya ya leƙa makaranta. Kowace shekara in lokacin cika takardar neman shiga jami'a ya zo, sai ka ji uba manomi ya kira ɗansa ya ce, "Kai dai rubuta likita, in ba a samu ba rubuta lauya ko injiniya." In yaron ya ce shi karatun aikin gona yake so, sai a yi masa dariya a ce, "Noman da muka gada kaka da kakanni shi za ka tafi Zariya ka koyo? Ga fartanya can a gindin rumbu." Ni kuwa ina ganin wannan magana tana cutar mu, domin ba wanda ya dace da wannan karatu kamar ɗan manomi.

Ku dubi abin da ke faruwa. Kujerun sashen aikin gona ba a barin su wofi. Da yawa cikin masu zama a kansu yara ne da suka nemi karatun likita, makinsu bai kai ba, aka tura su can. Wani bai taɓa riƙe garma ba, bai san gero da maiwa ba sai an gaya masa. Ya yi shekarunsa zuciyarsa tana wani wuri, ya karɓi takarda, ya nufi banki ko kamfanin waya. Ban ga laifinsa ba, kuma akwai waɗanda son abin kan kama su daga baya su zama gwanaye. Amma yaron da ya tashi cikin gandu, wanda ya san jigawa da fadama tun yana kai wa manoma fura, shi an kore shi daga kujerar tun daga gida.

To, me ake koya? A jami'o'in Nijeriya karatun shekara biyar ne. Shekarar fari ta kimiyya ce da lissafi. Ta biyu da ta uku a shiga ilmin ƙasa, da na tsirrai, da kiwo, da ƙwari da cututtuka, da tattalin gona, da dabarun isar da ilmi ga manoma. Shekara ta huɗu kuwa a gona ake yin ta, ɗalibi ya yi shuka, ya yi noma, ya kula da kaji da shanu da hannunsa. A ta biyar ya zaɓi fanni guda ya zurfafa, ya yi ɗan bincike nasa ya rubuta.

Wani zai ce ai duk wannan mun sani. Lalle mun san yadda ake yi, amma sau da yawa ba mu san dalili ba, kuma wurin dalilin nan kuɗi ke zubewa. Ga misali. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, watau sinadarin da ke sa ganye ya yi shar. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15, shi ma kilo 50, kilo 7 da rabi kaɗai ke cikinsa na wannan sinadari, sauran ƙarfinsa yana ga wasu sinadarai biyu masu taimakon saiwa da ƙwaya. Wanda bai san wannan ba sai ya ce taki taki ne, ya sayi mai araha. Har wa yau in aka watsa yuriya bisa ƙasa aka bar shi, wani kashi nasa iska ke kwashewa, shi ya sa ake cewa a binne. Haka masara mai aure: ta yi kyau bana, manomi ya ajiye iri daga cikinta, baɗi ta fito wata doguwa wata gajera, ya ce mai sayar da iri ya cuce shi, alhali kuwa halinta ke nan, ba a maimaita ta.

Dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa. Ita da farin 1973 suna cikin abubuwan da suka rushe dalar gyaɗa ta Kano. Ba fartanya ce ta gano cewa darɓa ke ɗaukar cutar daga wannan gindi zuwa wancan ba, ko cewa shuka da wuri da matse tsakani suna rage ta. Masu karatu ne suka gano, kuma su suka fito da irin gyaɗar da ke jure mata. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMNUT na gyaɗa, da SAMSORG na dawa, da SAMMAZ na masara, to, Samaru ake nufi, tashar binciken da aka kafa a 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso. Ana ta gardama a kansa saboda an sa masa ƙwayar halitta daga waje, wasu na yabo wasu na tsoro. Da a ce kowace gunduma tana da ɗanta da ya san abin, da ba sai mun jira ji-ta-ji-ta daga rediyo da waya ba.

Amma kada mai digiri ya ɗaga hanci, don akwai labarin da ya kamata kowane ɗalibi ya ji tun ranar fari. A da malaman gona suna ta fama da manoma su daina haɗa gero da dawa da wake a gona guda, su shuka kowane dabam, wai haɗawar rashin wayewa ce. Manoma suka ce to, suka ci gaba da abinsu. A wajen 1966 wani Bature mai suna David Norman, da ke aiki a Samaru, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, ana rubuta aikin da suka yi da abin da suka girbe. Da aka yi lissafi sai aka ga gonar haɗe-haɗe ta fi kawo amfani a kowace eka, kuma ta fi tsare mai ita daga yunwa, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Aka kuma ga abin da ya fi ƙuntata manomi shi ne ƙarancin hannu lokacin noman firi. Ashe tsofaffin nan da gaskiyarsu. Yaron da ya tashi a gandu ba ya bukatar bincike kafin ya yarda ubansa yana da hankali, zai fara daga inda Baturen ya ƙare.

Saura maganar da ta fi damun iyaye, watau aiki. Ba zan rufe ku ba, zamanin da ake gama karatu a tarar da ofis da babur suna jira ya wuce. Ma'aikatar gona ba ta ɗaukar mutane kamar da, ga shi kuwa ƙauyuka da yawa sun shekara ba su ga malamin gona ba. Mai digirin da ba shi da ƙasa, ba shi da jari, takardarsa ba za ta tsiro ba, kuma banki ba ya ba da bashi don ganin takarda. Nan ne ɗan manomi ya fi kowa sa'a, in ubansa ya yarda. Ka yanka masa gayauna tun shekararsa ta biyu, ko da rabin eka ce. Ka bar shi ya gwada abin da ya koyo, kada ka sa masa baki. Ran girbi a auna nasa a auna na gandu, a kuma fid da kuɗin taki da na feshi da na ƙwadago. In nasa ya fi, a faɗaɗa. In na gandu ya fi, ya koma ya tambayi malamansa dalili. Gani ya kori ji, kuma maƙwabta ma suna kallo ta kan iyaka.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku kun san asarar da ƙwaro ke yi wa wake a sito, da yadda ake mai da kaya in an tarar da guba ko ruɓa. Ɗa guda da ya san ajiya, da awon danshin hatsi, da irin maganin da ba ya halatta a zuba wa abinci, ya fi muku akawu biyu. Ma'aikatan ofis kuwa, da yawanku kuna da gona a ƙauye wadda ba ku gani sai ran Asabar, kuna aika kuɗi, ba ku san inda suke shiga ba. Kada kuma a manta da 'ya'ya mata. Awaki da kaji da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a hannun matan aure suke, cikin gidajen da malamin gona namiji ba ya shiga.

Wurin karatu kam ba a rasa ba. Ban da Zariya akwai sashen aikin gona a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. Akwai kuma jami'o'in da aka kafa musamman don noma, ta Makurɗi da ta Abekuta a 1988, da ta Zuru a 2020. In ana zaɓe, a tambayi ɗaliban da ke can yadda shekarar nan ta huɗu take: akwai gona ta gaske da dabbobi, ko kuwa a allo ake huɗa? Jami'ar da ta yi wasa da wannan shekara ta yi wasa da karatun duka.

Abin da ake nema wurin yaro shi ne kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, cikinsu da Turanci, da lissafi, da kimistiri, da bayoloji ko kimiyyar noma, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Kimistiri shi ne ya fi kayar da yaran ƙauye, don makarantu da yawa ba su da malaminsa. Saboda haka uban da ke da wannan niyya ya binciki makarantar ɗansa tun yaron yana aji uku, kafin a raba su tsakanin ajin kimiyya da sauran azuzuwa.