Zauren Iyali: Tallafin karatun da ya fito daga aljihun ɗan caca

 A wannan fitowa mun jingine maganar da muka faro a kan tarbiyyar yara a lokacin hutu, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wani dattijo, wadda muka ga ba za ta jira wata mai zuwa ba.

Ƙanen wannan dattijo ya shekara ashirin da wani abu a birnin Atlanta na jihar Jojiya a ƙasar Amurka, yana tuƙin mota yana ciyar da iyali, yana kuma aiko wa gida abin da ya samu. Ɗiyarsa ta fari, wadda aka haifa can, ta gama sakandare da maki mai kyau, sai jihar ta ba ta tallafin karatun jami'a, irin wanda muke ce wa burs a nan. Ana cikin murna sai wani ya tsegunta wa uban cewa kuɗin nan daga caca suke fitowa. Hankalinsa ya tashi, ya kira gida, labari ya kai kunnen Hajiya, kakar yarinyar, ta ce ita jikarta ba za ta yi karatu da haram ba. Dattijon ya rufe wasiƙarsa da cewa: "Malamai, ku taimake mu. In an karɓa Hajiya ba za ta yi barci ba, in an ƙi ƙanena ba ya da abin biya."

Kafin mu ce komai a kan hukunci, bari mu fara sanin abin da ake magana a kansa.

Wanda ya tsegunta wa uban bai yi ƙarya ba. Sunan tallafin HOPE, kalmar da ke nufin sa rai a Turancin Ingilishi. Wanda ya ƙirƙiro shi gwamna Zell Miller ne, wanda ya mulki Jojiya daga 1991 zuwa 1999. Maraya ne shi, mahaifinsa ya rasu yana ɗan kwanaki a duniya, uwarsa ta rene shi a wani ƙaramin gari cikin tsaunukan arewacin jihar, kuma bai samu kammala jami'a ba sai da tallafin da gwamnati ke bai wa waɗanda suka yi aikin soja. Da ya nemi kujerar gwamna sai ya yi alkawarin buɗe wa yara ƙofar da aka buɗe masa, ba tare da ya ƙara wa kowa haraji ba. Dabararsa ita ce jihar ta buɗe cacar kanta, ribar ta tafi ga ilimi. Coci-coci da dama sun yaƙi wannan shawara, kuma a nan ya kamata mu yi musu adalci: abin da suka faɗa bai yi nisa da abin da limamanmu za su faɗa ba. Amma a ƙuri'ar watan Nuwamba na 1992 masu so suka yi rinjaye da ƙyar. Aka fara sayar da tikiti a watan Yuni na 1993, ɗaliban farko suka shiga jami'a da kuɗin a wannan shekarar.

Sharaɗin mai sauƙin faɗa ne. A can ana auna ƙoƙarin ɗalibi a kan maki 4, ba 20 irin namu ba. Yaron da ya gama sakandare a jihar da matsakaicin maki 3, kuma ya zaɓi jami'a a cikin jihar, jihar za ta ɗauke masa kuɗin makaranta. Ba a tambayar ɗan wa ne shi. Wasu jihohi suka ga abin ya karɓu suka kwaikwaya: Fulorida a 1997, Tenesi a 2004, da wasunsu, galibi a kudancin ƙasar, kuma da yawansu da kuɗin caca. A 2011, da kuɗin suka fara kasawa, gwamna Nathan Deal ya sa hannu a dokar da ta raba tallafin gida biyu. Aka cire kuɗin littattafai, aka rage abin da HOPE ke biya, aka ware cikakken tallafi mai sunan Zell Miller ga wanda ya kai maki 3.7 ya kuma ci jarrabawar shiga jami'a da daraja mai yawa. A 2023 aka mayar da HOPE yana biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya a jami'o'in gwamnati.

Mu yi wani ɗan tsokaci a nan domin kada wani uba a Maraɗi ko Damagaram ya fara lissafi: wannan tallafi ba na ɗalibi baƙo ba ne. Na ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama ta dindindin, wanda kuma yake zaune a jihar.

To, su wa ke biya, su wa ke amfana? Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne muke son mai karatu ya dakata tare da mu.

Da aka fara shirin a 1993, gidan da samunsa ya haura dala 66,000 a shekara ba ya cikin rabon. A 1994 aka ɗaga iyakar zuwa 100,000, a 1995 aka cire ta ɗungurungum. Tun daga ranar ɗan likita da ɗan mai shara suka zama ɗaya a gaban doka. Abin ya yi kama da adalci, sai dai maki ba daga sama yake faɗowa ba. Yaron da ya tashi a gidan da akwai ɗakin karatu, da uwa mai duba masa aiki, da kuɗin malamin ƙarin darasi, ya fi kusa da maki 3 a kan wanda yake fita aiki bayan makaranta domin a biya haya. Mu ma mun san wannan a ranar da ake fitar da sakamakon bak: a duba waɗanda suka ci da daraja, a duba gidajen da suka fito. Abin da ya fi wannan ciwo, a shekarun farko na shirin, in yaro talaka ya samu tallafin Pell da gwamnatin tarayya ke bai wa marasa ƙarfi, sai a cire shi daga cikin rabonsa na HOPE. An daina wannan daga baya, amma ya nuna inda aka dosa tun farko.

Masu bincike sun bi sawun abin. Wata masaniyar tattalin arziki, Susan Dynarski, ta wallafa a shekara ta 2000 cewa shirin ya ƙara yawan matasan Jojiya masu shiga jami'a sosai, amma ƙarin ya fi yawa a gidajen masu hali da na fararen fata, har tazarar da ke tsakaninsu da baƙaƙe da talakawa ta ƙara faɗi. Wasu malamai biyu na Jami'ar Jojiya, Cornwell da Mustard, suka gano wani abin da zai ba mutum dariya in da ba abin takaici ba ne: bayan an cire iyakar samu, rajistar motoci ta ƙaru a yankunan masu kuɗi. Wato iyayen da dā ma sun tanadi kuɗin makaranta, da jihar ta ɗauke musu, sai suka saya wa yaro mota.

A ɗaya gefen kuma, mai sayen tikitin caca ba shi ne mai motar ba. Binciken da aka yi a jihar ya nuna gidaje marasa ƙarfi suna kashe kaso mafi girma na samunsu a kan tikiti, kuma su ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta na tallafin. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban rumfunan cacar tseren dawakin Faransa a biranenmu ya ga irin fuskokin: lebura, ɗan kabu-kabu, tsohon ma'aikaci mai jiran fansho, kowa da ɗan biro da takarda yana lissafin da ba ya ƙarewa. A 2016 abin da cacar Jojiya ta zuba a asusun ilimi ya haura miliyar ɗaya na dala a shekara guda, kuma wannan wajen kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da mutane suka kashe. Wannan shi ne a ɗauki na kashi a ba mai tsoka. Allah Maɗaukaki da ya ambaci caca a Suratul Baƙara, aya ta 219, bai musanta cewa akwai wani amfani a cikinta ba, amma ya sanar da mu cewa zunubinta ya fi amfaninta girma, sannan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya haɗa ta da giya ya hana gaba ɗaya. Ba mu san wani misali da ya fito da ma'anar ayar farko ɓaro-ɓaro kamar wannan ba: ga amfanin nan kowa na gani, yara dubbai sun yi digiri, ga kuma inda aka tatso shi.

Saboda haka Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta ji ƙyama. Amma haramcin caca magana ɗaya ce, halin yarinyar da ba ta taɓa sayen tikiti ba magana ce daban.

Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin abin da yake haram a zatinsa ko aka san mai shi, kamar kayan sata, da dukiyar da haramcinta ya zo daga hanyar da aka same ta. Da yawansu suna ganin zunubin ta biyu yana kan wanda ya nemo ta, ba ya bin wanda ta isa hannunsa ta hanyar halal. Suna kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ciniki da Yahudawan Madina alhali an san suna cin riba, har ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin ɗayansu. Wani zai ce ai dukiyar waɗancan gauraye take, wannan kuwa asusun kusan dukkansa na caca ne, kuma akwai malamai da suka tsananta a kan irin wannan. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Sai dai akwai wata ƙa'ida da ta fi dacewa da wannan mas'ala a ganinmu. Dukiyar haram da ba a san masu ita ba, ba a kuma iya mayar musu, manyan malamai irin su Gazali da Nawawi da Ibnu Taimiyya sun tafi a kan cewa ba a ƙone ta, ba a zubar da ita, ana sarrafa ta ne ga mabuƙata da abubuwan amfanin jama'a. Ɗiyar direba mai neman ilimi ba ta fita daga cikin waɗannan ba. Kuɗin ma ba hannunta suke shiga ba, jihar ce ke tura su makaranta.

Sannan mu dubi abin da ke bayan ƙofar in an ƙi. Kuɗin makaranta kaɗai a manyan jami'o'in gwamnatin jihar ya kai wajen dala 10,000 a shekara ga ɗan jiha, sama da miliyan 5 na sefa ke nan, sau huɗu. Mai tuƙin mota da ke ciyar da gida biyu ba ya da su. Abin da ya rage shi ne bashin karatu, wanda yake da ruwa, kuma yarinyar ce da kanta za ta sa hannu a kansa ta yi shekaru tana biya. Ba ma ganin hikima a guje wa shubuhar da ba ita ta ƙulla ba, a jefa ta cikin ribar da za ta ƙulla da hannunta. Ko kuma a ce ta zauna gida, alhali ta yi shekara huɗu tana hana idonta barci.

Ra'ayinmu ke nan, ya Alhaji: a bar ta ta karɓa. Ra'ayi ne na masu rubutu, kuma muna roƙon ƙanenka ya kai maganar gaban limamin masallacinsu a can, wanda ya san dokar wurin ya kuma san halin gidan. Gidan da Allah ya hore wa, ya ga ya fi samun natsuwa ya biya da kansa, ya kyauta, kada dai ya aibata wanda ya karɓa. Hajiya kuwa kada a ce mata tsufa ne ke damunta. A zauna da ita a warware mata kamar yadda muka warware, a kuma bar jikar ta kira ta da kanta.

Saura abin da uban bai tambaya ba, wanda shi ne ya fi ba mu tsoro. Samun tallafin ya fi riƙe shi sauƙi. Ana sake duba makin ɗalibi a jami'a a matakai, a ƙarshen abin da ya yi daidai da shekarar farko, da ta biyu, da ta uku, kuma in ya sauko ƙasa da 3 an yanke. Mai tallafin Zell Miller 3.3 ake nema daga gare shi. Wanda ya rasa, sau ɗaya tak ake ba shi damar dawo da shi. Wani bincike da aka wallafa a 1999 a kan babbar makarantar fasaha ta Georgia Tech ya nuna kusan rabin masu tallafin sun rasa shi bayan shekara guda, kuma ƴan kimiyya da injiniya da kwamfuta sun fi saura rasawa. Daga nan ne wasu yara ke koyon wayon da ba ya da amfani: su rage darussa, su janye daga mai wuya, ko su bar fannin da suke so su koma wanda maki ke da araha a cikinsa. Dattijon ya ce yarinyar likitanci take so. To, kada uban ya riƙa kiranta kowane mako yana tambayar maki har tsoro ya sa ta gudu daga ilimin sinadarai. Ya rage mata aikin neman kuɗi a shekarar farko in da hali, ko da zai sa abin da ake aikowa gida ya ragu na ɗan lokaci, kuma mutanen gida su yi haƙuri da wannan.

A kuma sani cewa tallafin ba ya biyan ɗaki, ba ya biyan abinci, ba ya biyan littattafai. Su cika takardar neman taimakon tarayya da ake kira FAFSA da wuri, domin in samun gidan bai kai wani mizani ba za ta iya haɗa Pell da HOPE, kuma Pell kyauta ne, ba bashi ba. Takardar da za ta dawo daga jami'a takan jera kyauta da bashi a shafi ɗaya, layi na bin layi. Uban ya nemi wanda ya iya karanta ta ya zauna da shi, su tsallake duk layin da yake na rance kafin yarinyar ta sa hannu.