A Bar Wa Yajnavalkya Abin Da Yake Nasa

Akwai wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: da zarar mutum ya yi suna, sai a yi ta jibga masa duk abin kirkin da aka rasa mai shi. Haka ake yi wa Yajnavalkya, malamin Indiya na zamanin littattafan Veda, har wasu na cewa shi ya fara gano cewa duniya ce ke kewaya rana. Ni dai ban yarda ba.

Hujjarsu ita ce littafin Shatapatha Brahmana da ake jingina masa. Gaskiya akwai lissafi a ciki, mai ban sha'awa ma. Shekara kwana 360, kowace rana an kasa ta kashi 30 da suke kira muhurta, jimilla 10,800, kuma daidai wannan adadin ne na wani rukunin tubalan da ake gina wurin hadayar wuta da su. Amma lissafin masu ibada ne da ke gudun kada lokacin hadaya ya kuɓuce musu. Kuma a babobin da ke bayanin ginin, wani malami daban, Shandilya, ake yawan kafa hujja da shi. A Indiya, wanda ya fito fili ya ce duniya na juyawa a kan kanta shi ne masani Aryabhata, a shekarar 499 Miladiyya, bayan fiye da shekara dubu.

Girman Yajnavalkya yana cikin littafin Brihadaranyaka Upanishad. Sarki Janaka na Videha ya tara malamai, ya ware shanu dubu da zinariya ɗaure a ƙahonninsu, ya ce na wanda ya fi kowa sani ne. Tun ba a fara muhawara ba, gogan naka ya sa almajirinsa ya kora shanun gida. Ƙarfin hali ke nan! Malamai suka yi masa ca, cikinsu har da mace, Gargi, wadda ta yi ta ƙure shi da tambaya kan tushen halitta. Matarsa Maitreyi kuma, da zai raba dukiya ya shiga daji, ta ce ilimin da ke kai ga dawwama take so, ya zauna ya karantar da ita batun rai.

Wannan ya ishe shi abin alfahari. Masu ƙara masa gishiri su daina, ba ya buƙata.