Tsufan Kalma Ba Shi Ne Tsarkinta Ba

'Yan'uwa, ina amfanin wa'azin da ikkilisiya ba ta gane ba? Waɗansu masu wa'azi sun rungumi Turancin fassarar Sarki James ta 1611, suna tsammani tsufan kalma shi ne tsarkinta. A wancan Turanci, "suffer" takan nufi ƙyalewa, "prevent" riga wani isa, "meat" kowane irin abinci, "charity" kuwa ƙauna, ba sadaka ba. Tafinta ya juya da ma'anar yau, jama'a su koma gida da koyarwar da manzanni ba su yi ba. Alhakin wa ke nan? Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin Likita Mila na Zariya da abokansa. Mai wa'azi, buɗe shi.