Mai rufi ya ce mai faranti ne, mai faranti ya ce mai rufi ne

A cikin bazarar 2024 wani surukina, tsohon malamin makaranta da ke zaune a wata unguwa ta Maraɗi, ya tattara ɗan abin da ya ajiye tsawon shekaru ya ce zai yi abu biyu kafin ruwa ya sauka: ya sauya tol ɗin ɗakunansa da tsatsa ta cinye, ya kuma ɗora farantan hasken rana, iyalinsa su huta da kwana cikin duhu da zufa. Ya kira kafinta, aka yi ciniki a zaure, aka sha shayi, aka rufe ɗakuna. Bayan mako uku ya kira wani saurayi da aka ce ya iya aikin sola. Shi ma aka yi ciniki a zauren nan, ya hau da yaransa biyu, suka huda sabon tol a wuri fiye da ashirin, suka ɗaure faranti huɗu, fitila ta kama, fanka ta juya, aka yi ta sa albarka.

Da hadarin farko ya taso daga gabas, iska ta shiga ƙarƙashin farantan ta ɗaga su tare da falle biyu na tol, ruwa ya sauka a kan gado da akwatin takardu. Da gari ya waye ya aika a kira kafinta. Kafinta ya ce shi rufi lafiyayye ya bari, wanda ya huda shi a tambaya. Aka kira saurayin, ya ce shi wuta aka ce ya kawo, kuma ya kawo. In katako ya kasa riƙe ƙusa, a tambayi wanda ya sa katakon. Kowa ya yi rantsuwa, kuma abin takaicin shi ne kowa yana da rabin gaskiya. Surukina ba shi da takarda ko ɗaya a hannu. Shi ya biya gyara.

Na kawo wannan labari ne domin ba na gida ɗaya ba ne. Duk wanda ya ɗaga kai a Yamai, ko Damagaram, ko Tawa, zai ga rufin gidaje sun cika da baƙaƙen faranti, kuma kowa ya san dalili. Tun cikin shekarun 1970 ƙasar nan ta jingina kuran ɗinta ga Najeriya: layi ɗaya daga Birnin Kabi zuwa Yamai, daga baya wani daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke layin a farkon Agusta, wuta ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni mai shago ya zubar da madararsa, tela ya zauna yana kallon kekensa, majinyaci ya kwana yana fifita. Tashar hasken rana ta Gorubanda mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 take yi wa yankin Tawa tun 2018. Amma darasin da magidanci ya ɗauka ɗaya ne: kowa ya nemi ranarsa a kan rufinsa. Wannan ma maganar birni ce. A ƙasa baki ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai wuta ke kai wa gidansa.

Ba na zargin kowa da wannan rububi. Abin da nake cewa shi ne, rufi da faranti aiki ɗaya ne, kuma duk wanda ya raba su gida biyu ya buɗe ƙofar da alhaki zai sulale ta cikinta.

A duba yadda abin yake. Masu ƙera faranti na ƙwarai suna ba da tabbacin shekara 25 a kan ƙarfinsa. Siririn tol ɗin nan da ya cika kasuwa, wanda yatsa ke lanƙwasawa, ba zai ga rabin wannan ba. Ke nan wanda ya ɗora faranti a kan rufi mai rauni ya sa hannu, bai sani ba, cewa wata rana zai biya a kwance su, a sauke, a sauya rufi, a sake hawa da su, a sake haɗa waya. Kuma kowace saukewa dama ce ta fashewar gilashi. Araha ba ta ado. In za a sauya rufi, a ranar nan ce ya kamata a san inda faranti za su zauna, ko da kuɗin sayensu bai samu ba tukuna.

Nauyi ba shi ne babbar matsala ba. Babban faranti na zamanin nan ya kai kilo 25, shida ke nan kilo 150 ban da ƙarafan da ke riƙe su, kuma katako mai kyau zai ɗauka. Matsalar ita ce iska. Faranti mai faɗin mita biyu da ɗoriya, in guguwar farkon damana ta shiga ƙarƙashinsa, ba danna rufi yake yi ba, fizgarsa yake yi sama. Saboda haka ba a jikin tol ake ɗaure shi ba, a jikin katako ko ƙarfen da ke ƙarƙashin tol ake ɗaurewa, shi kuma katakon sai an ɗaure shi da bango. To, wa ya san inda katakon ya bi, bayan an rufe? Kafinta. Wa ke huda? Mai faranti. In ba su taɓa tsayawa tare a kan tsani ba, mai faranti lalube yake yi, kuma kowane lalube rami ne. Ramin ma yana da ƙa'ida: a kan tudun tol ake hudawa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a sa noti mai roba a wuya. Wanda ya huda kwari ya shafa kwalta ya sauko, ya sayar wa mai gida rariya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, sai dai shi wannan bai san ya saya ba.

Sai maganar fuska. A wurinmu faranti kudu yake kallo, da karkata ta kusan digiri 15, domin ya ci rana duk shekara, ruwa kuma ya wanke shi. Amma maginanmu suna karkata rufi ne zuwa inda indararo zai zuba, titi ko tsakar gida, sannan su ɗaga katanga kewaye da shi don ado da tare iska. Inuwar wannan katanga, ko ta reshen dogonyaro, in ta faɗi a kan faranti ɗaya, tana rage ƙarfin duk waɗanda aka jera da shi a waya ɗaya. Haka nan zafi. Mutane suna zaton yawan zafi yawan wuta ne. Akasin haka ne. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0,4 cikin 100. Farantin da aka manna a kan tol da tsakar rana a watan Afrilu yana iya kai digiri 65, ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa, alhali tazarar tafin hannu tsakaninsa da tol, inda iska za ta ratsa, za ta rage asarar. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke tilasta a riƙa hawa ana sharewa. Wa zai hau, ta ina, kuma tol ɗin zai ɗauki ƙafarsa? Duk waɗannan tambayoyi ne na ranar auna katako, ba na ranar da ruwa ya sauka a kan katifa ba.

Masu rufin soro kuwa, ina roƙonsu su bar soronsu lafiya. Rufin ƙasa da azara yana son yaɓe da dubawa kafin kowace damana, kuma ƙarfen da aka kafa a cikinsa hanya ce aka yi wa ruwa. Damanar 2024, wadda ta ci rayuka sama da 300 a ƙasar nan, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram a watan Satumba, ta nuna abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa in ya sami ƙofa. Rumfar ƙarfe a tsakar gida ta fi: faranti a sama, inuwa a ƙasa, yaro ya share da tsumma ba tare da tsani ba.

To, ina mafita? A ganina mutum ɗaya ya ɗauki aikin duka a wuyansa, a rubuce. Ba lalle ba ne ya iya kafinta ya kuma iya lantarki. Irin wannan mutum ba shi da yawa. Ya ɗauko wanda ya iya, amma sunansa ne a takarda, kuma shi za a kira ranar da rufi ya zuba ko batir ya mutu. Takardar ta faɗi kaurin tol da irin katako, ta faɗi sunan faranti da ƙarfinsa, da irin batir, domin batir mai ruwa a zafinmu da wuya ya wuce shekara biyu ko uku, na litiyom kuwa ya fi daɗewa ya kuma fi tsada, kuma mai gida yana da haƙƙin ya san wanne aka sa masa. Ta faɗi kaurin waya, da fis, da wayar da ke sauke tsawa cikin ƙasa, domin siririyar waya a ƙarƙashin tol mai zafi gobara ce ke jiran rana. Abu mafi girma: kada a biya duka. A riƙe wani kaso, ko da ɗaya cikin goma ne, sai damana ɗaya ta wuce a kan rufin. Mai gaskiya ba ya tsoron wannan sharaɗi. Wanda ya ƙi shi ya gaya maka abin da ya sani game da aikinsa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu magidanta mu ne ke jin kunyar neman takarda, wai kada a ce ba mu yarda da ɗan unguwa ba. Abin mamaki, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu, amma mu mun mai da rubutu zagi. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa, a aya ta 1792, ta ɗora wa ɗan kwangila alhakin gininsa har shekara goma in ya lalace saboda mugun aiki. Sai dai alƙali da me zai kama, in cinikin duk a bakin shayi ya ƙare?

Za a ce da ni: kai mai alƙalami, talaka ina ya ga kuɗin rufi da faranti a lokaci guda? Kuma ɗan kwangila ɗaya ai zai ɗora ribarsa a kan ta kafinta. Duka biyu gaskiya ne. Amma ban ce a sayi kome rana ɗaya ba. Ana iya rufi bana, faranti baɗi, muddin an kira mai faranti tun ana auna katako, ya nuna inda za a ƙara ƙarfe, inda waya za ta shiga, a bar masa maɗaurai a shirye. Wannan yini ɗaya ne na ladansa. Ribar ɗan kwangila kuwa, kuɗin alhaki ce. Surukina bai biya ta ba, sai ya biya falle biyu na tol, da faranti ɗaya da ya fashe, da katifa, da takardun aikin shekara talatin da babu kasuwar da ake sayar da su.

Saura magabata, domin ba za a bar kome a kan magidanci ba. A nan ne abin ke da ciwo. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga ilimin rana. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL, kuma Farfesa Abdu Mumuni Joffo, ɗan Tasawa, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 1991, ya shugabance shi shekaru da dama, yana ƙera tukwanen dafa abinci da na ɗumama ruwa da hasken rana tun duniya ba ta waiwayi abin ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara kunna talabijin da faranti a wasu makarantun karkarar Nijar. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi tun 1992. Ofishin ya sauya suna ya zama CNES, ya sake zama ANERSOL. Yaya ƙasa mai wannan tarihi za ta bar magidanci ya rasa inda zai tambaya ko wanda zai hau rufinsa ya taɓa koyon aikin? Direban tasi sai da takarda yake ɗaukar mutane. Mai haɗa wuta a saman ɗakin da yara ke kwana, tsani da filaya sun ishe shi.

Ba sabuwar ma'aikata nake nema ba, da motoci da kujeru. Mun ga irinsu. Abin da ake bukata kaɗan ne. Makarantun koyon sana'a su haɗa kafinta da mai lantarki a aji ɗaya na ƴan makonni, a ba wanda ya ci katin shaida, a liƙa sunayensu a ofisoshin hukumomin birane inda kowa zai gani. A duwan, a auna wasu daga cikin farantan da ke shigowa, domin ba kowane adadi da aka liƙa a bayan faranti yake gaskiya ba, haka ma kaurin tol. Sannan a buga takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a ajiye ta a shagunan sayar da kayan gini, wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaidu biyu. Kuɗin wannan duka bai kai na liyafar buɗe taro ɗaya ba. Kuma ƙungiyoyin masu sana'ar su ne ya kamata su fara nema, domin kowane rufi da ya tashi, sunan masu gaskiya a cikinsu yake tashi da shi.

Surukina ya gyara ɗakinsa. Wannan karon ya zaunar da kafinta da saurayin a tabarma ɗaya, ya sa jikarsa ta yago falle daga littafin makaranta ta rubuta abin da kowa ya faɗa, suka dangwala yatsa. Ya riƙe jika talatin sai bayan damana. Farantan uku da suka rage suna kan rumfa a tsakar gida, akuyoyi na kwana a ƙarƙashinsu.