Rejeks: Makamin da Ya Kamata Manazarcin Hausa Ya Riƙa

Rejeks wata taƙaitacciyar ƙa'ida ce da ake rubuta wa kwamfuta domin ta zaƙulo duk kalmar da ta dace da wani siffataccen tsari. Stephen Kleene ne ya aza harsashinta a 1951. A ganina, lokaci ya yi da sassan Hausa na jami'o'inmu za su koyar da ita.

Mai nazarin ginin kalma da ya rubuta ma[a-z]+ci zai tattaro marubuci, mahaukaci da malalaci daga dubban shafuka cikin ƙiftawar ido. Sai dai maƙaryaci zai kuɓuce masa, domin ƙ, ɓ da ɗ ba sa cikin jerin a-z. Haka ma ma'aikaci, saboda alhamzar da ke cikinsa. Ga kuma ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya. Dole ne a shigar da kowannensu da hannu, in ba haka ba ƙididdigar ta gurgunce ba tare da an farga ba.

Injiniya ba lallai ya hango wannan giɓi ba. Masanin harshe ne zai gane shi. Saboda haka bai kamata mu bar wa wasu aikin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.