In Ƙafa Ta Gaza, Saura Ido

Duk wanda ya ratsa ta Hunkuyi ko Makarfi ko Ikara da la'asar sakaliya, musamman bayan an kawar da amfanin gona an shiga rani, ba zai rasa ganin ƙura ta turnuƙe a filin makarantar firamare ba, inda samari ke bin tamaula, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa, kowannensu kuwa in ka tona zuciyarsa za ka tarar ya riga ya isa Turai. Ban ga laifinsu ba, domin ƙasar Kaduna ta fid da mazajen da suka tabbatar musu abin yana yiwuwa. Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika gaya musu ba, watau gajartar wannan sana'a, da abin da ya kamata mai ita ya kama ranar da ta sallame shi.

Mu ɗauki Daniel Amokachi, wanda aka haifa a Kaduna a 1972, Hausa kuma tana bakinsa kamar kowane ɗan gari. Yana yaro a Ranchers Bees, Clemens Westerhof, mutumin Holan ɗin nan da ya horar da 'yan wasan Nijeriya, ya ɗora ido a kansa, ya tafi da shi gasar kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya. Daga nan sai Club Brugge ta Beljiyam, sai ƙwallaye biyu a gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, sai kofin FA da Everton a 1995, sai lambar zinariya a Atlanta a 1996. Sa'an nan gwiwa ta ci amanarsa, ta yadda bayan ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999 likitocin wani kulob a Jamus suka duba shi suka ce bai cika lafiyar da za a ɗauke shi ba, alhali bai ko kusanci shekara 30 ba, shekarun da ɗalibin ilimi bai gama sauke manyan littattafai ba, ɗan kasuwa kuwa yanzu ne jarinsa ya fara tsayuwa. In haka ta sami wanda duniya ta sani, ina ga wanda iyakarsa Kaduna United ko Kano Pillars, ko ma ƙaramar ƙungiya a Zariya?

Shi Amokachi Allah ya rufa masa asiri, ya zama mataimakin marigayi Stephen Keshi har suka ɗauko kofin Afirka a 2013. Tijjani Babangida, wanda ya taka leda a Ajax, ya koma wakilcin 'yan wasa, tsohon ɗan wasa Garba Lawal kuma ya riƙe ragamar Kaduna United. Sai dai kujerar koci ɗaya ce a kowace ƙungiya, masu nemanta ba sa ƙidayuwa, ga shi ba a daɗewa a kanta.

Akwai wata sana'a da mutanenmu suka yi wa riƙon sakainar kashi, ita ce farauto 'yan wasa, kuma hujjata a kan darajarta ɗan Nijeriya ne. Michael Emenalo, mutumin Aba, yana cikin tawagar 1994 tare da Amokachi, amma sunansa bai yi amo ba, ya yi ta yawo a ƙananan ƙungiyoyi daga Beljiyam zuwa Ingila zuwa Isra'ila. Abin da ya fi takwarorinsa da shi shi ne ya yi karatu a Jami'ar Boston. A 2007 Avram Grant, wanda ya horar da shi a Maccabi Tel Aviv, ya kira shi Chelsea ya ba shi aikin leƙo wasanni da auna 'yan wasa. A 2011 ya zama daraktan da ke kula da harkar wasa ta kulob ɗin, kuma a zamaninsa ne aka sayo Eden Hazard da Kevin De Bruyne da Mohamed Salah. Ya bari a 2017, ya je Monaco, a 2023 kuma Saudiyya ta danƙa masa sha'anin 'yan wasan gasarta. Mutumin da ƙafarsa ba ta kai shi ko'ina ba, idonsa ya zaunar da shi a majalisar da ake yanke hukunci a kan miliyoyi.

Wannan aiki, in an bi haƙiƙarsa, firasa ce wadda gogewa ta wasa. Manoman Makarfi sun san mai sayen rake a tsaye, wanda zai zagaya fadama sau ɗaya ya faɗi abin da gonar za ta bayar tun ba a sa adda ba. To haka tsohon ɗan wasa yake kallon yaro ɗan shekara 14, ya ga inda yake tsayawa in ƙwallo ba ta wurinsa, da yadda yake ɗaga kai kafin ta iso, da halinsa in an ci su biyu, abubuwan da mu 'yan kallo ba ma gani saboda hankalinmu yana kan mai yanka da mai zura ƙwallo. Sai dai a wannan zamani firasa kaɗai ba ta wadatarwa, dole a haɗa ta da iya rubuta rahoto, da sarrafa bidiyo da kwamfuta, da sanin doka, da kuma amana, domin shaida ce mutum yake bayarwa a kan ɗan wani.

Da yake masu wannan ido ba sa zuwa Paki ko Gimi ko Likoro, wurin ya zama na dillalan ƙarya, waɗanda ke zuwa da takardar gayyata ta bogi, su sa uba ya sayar da gona ko shanun huɗa, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin komowa. Ya kamata iyaye su san dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin ƙwallo, sai a 'yan wurare ƙalilan da ta togace, kuma tun 2023 ta dawo da jarrabawar lasisin wakilai. Wanda duk ya ce a ba shi kuɗin jirgi da na biza don ya kai ɗan shekara 15 Turai, cinikinsa garari ne tun daga tushe.

Akwai kuma haƙƙin da muke zubarwa saboda jahilci. Dokar ta ce duk sa'ad da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin rabon ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 tana da kashi 1 cikin 100, watau in an saye shi Yuro miliyan 10, nata Yuro 100,000 ne. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Paris don biyan irin wannan kuɗi, amma sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda sunan yaron ke cikin kundinta. Ƙungiyar unguwa da ba ta da ko littafin sunaye ba ta da abin da za ta kafa hujja da shi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kaduna, su rage kashe kuɗi a bikin ba da kofi na yini ɗaya, su yi wa ƙungiyoyin garuruwanmu rajista, sa'an nan su nemo tsofaffin 'yan wasan da ke zaune a Zariya da Kaduna ba aikin yi, su tura su kwas, su ba su albashi da babur, a raba musu gundumomi su riƙa zagayawa duk rani.